Ɗakinmu ƙarami ne, ina zan kwantar da jaririna?

Assalamu alaikum Anti. Ina da ciki wata takwas, haihuwar fari. Ɗakin kwananmu ƙarami ne ƙwarai. Da gado da sif ɗin kaya da madubi suka shiga, abin da ya rage bai wuce inda mutum ɗaya zai ratsa ba. Na auna babban gadon jariri, ba zai shiga ba sai dai mu daina buɗe sif. Surukata ta ce in daina wahalar da kaina, in kwantar da shi a tsakiyarmu, haka ta yi da 'ya'yanta duka kuma ga su nan sun girma. To amma maigidana barcinsa nauyi gare shi, ko ƙofa aka buga ba ya ji, kuma yana yawan juyi. Yayata ta ba ni wata shimfiɗa mai laushi mai kama da sheƙa, gefenta duk an cusa auduga, da wata kujerar lilo mai jingina, ta ce nata ɗan a ciki ya fi yin barci. Ni dai na yanke shawarar idan ya tashi cikin dare zan fita da shi falo in shayar da shi a kan kushin don kada mu hana maigida barci, tunda yana sammakon fita aiki. Wanne zan zaɓa a cikin waɗannan, Anti? Tsoro nake ji.

Daga ƙanwarki mai jiran haihuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Zan fara da abin da kika faɗa a ƙarshe, wanda kika ɗauka shi ne kika riga kika warware. A duk abubuwan da kika lissafa, kushin ɗin falon nan ne ya fi tayar mini da hankali. Kina tunanin zama za ki yi, ki shayar, ki tashi. Da rana haka ne. Amma da ƙarfe uku na dare, a mako na uku bayan haihuwa, kin kwana ashirin ba ki haɗa barcin awa uku a jere ba, ga jariri da ɗumi a ƙirjinki, ga shayarwa da kanta tana saukar wa uwa da kasala, barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Hannu ya saki, jariri ya zame ya shige lungun da ke tsakanin jikinki da majinginar kujera, ko fuskarsa ta nutse cikin soso, shi kuwa ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago kai. Ƙungiyar Lullaby Trust ta Birtaniya, wadda aikinta shi ne wayar da kan iyaye game da kare jarirai a lokacin barci, ta ce yin barci da jariri a kan kushin ko kujerar hannu yana iya ninka haɗarin mutuwar fuju'a, wato jariri ya mutu kwatsam cikin barci, har sau 50. Ni da kaina ya taɓa faruwa da ni a goyona na biyu. Na farka na tarar yarinya ta gangara ƙarƙashin hammatata, Allah ya tsare hancinta yana waje. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Saboda haka ki cire falo daga lissafinki na dare. Barcin maigida ba zai fi numfashin ɗansa ba, kuma na tabbata in kika karanta masa wannan shi ma haka zai ce.

To, mu koma ɗaki.

Ƙanƙantar ɗakin nan ba ita ce matsalarki ba. Jariri sabon haihuwa tsawonsa kusan santimita 50 ne. Abin da yake buƙata wuri ne nasa shi kaɗai, shimfiɗaɗɗe ba tudu ba gangare, mai tauri, wanda babu komai a cikinsa sai shi da zanin da aka ɗame a jikin katifa, kuma kusa da ke. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa amma a makwancinsa daban, aƙalla wata shida na farko, kuma yin haka yana iya rage haɗarin da kusan rabi. Kin ga ke nan mai ƙaramin ɗaki ta fi mai ɗaki uku da ta kai jaririnta wani ɗaki ta rufo ƙofa. Dalilin wata shidan kuwa, yawancin wannan mutuwa ta cikin barci a wannan tsakanin take faruwa, ta fi ƙamari daga wata biyu zuwa huɗu.

Babban gadon da kika auna, in irin na kasuwa ne da aka saba gani, katifarsa santimita 120 ce a tsawo, 60 a faɗi, wani ma 140 da 70. Ba dole ne ki fara da shi ba. Akwai ƙaramin gadon jarirai mai ƙafafu, akwai kwandon jariri mai hannu biyu da ake ɗora wa mazauninsa, kuma yawancinsu ba su kai mita ɗaya a tsawo ba, faɗinsu kuma kusan rabin mita. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan kada ki yarda da ido, ɗauki tef ɗin awo ki auna gefen da kike kwana. In akwai durowar gefen gado, ta fita. In madubin nan ne ya tare wuri, shi ma ya koma falo na 'yan watanni, kwalliya ba za ta lalace ba don an yi ta a falo. Sau da yawa mace za ta ce mini babu wuri, in muka bi kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya sai a ga abin da ya cinye wurin akwatuna ne da kwandon wanki da takalma.

Ƙaramin gado da kwando suna da wa'adi. Ranar da kika ga yaro ya fara birkicewa da kansa, ko yana tokare hannu yana ɗago ƙirji, ko ya kai nauyin da aka rubuta a jikin gadon, to ya gama da shi. Ga kwando wannan na iya zuwa tun wata uku ko huɗu. Wannan ya ba ku lokacin da za ku yi tunanin na gaba, ko gado matsakaici, ko irin mai naɗewa mai gefen raga wanda ake tafiya da shi, wanda shi ma ya halatta muddin katifarsa ta asali ce ba a ƙara masa wata a kai ba.

Akwai kuma wanda ake jinginawa da gadon iyaye, gefe ɗaya yana sauka. Ga ɗaki irin naku, kuma ga mai shayarwa, ni shi na fi so in hali ya yi, musamman idan haihuwar ta zo da tiyata, tashi da sunkuyo suna wahala. Miƙa hannu kawai za ki yi. Sharaɗinsa a ɗaure shi tamau da gadonku da igiyoyin da ya zo da su, kada a bar ko ɗan rami tsakanin katifa da katifa, kuma bargonki da filonki kada su tsallaka.

In kuma kafinta za ku ba ya ƙera muku daidai wurin, babu laifi, wani lokaci ma ya fi dacewa da ɗakin. Amma ki ba shi awo da bakinki, kada ki bar shi da nasa tunanin. Tazarar da ke tsakanin sanda da sanda kada ta wuce santimita 6, don in ta wuce jikin jariri na iya zurarewa kansa ya maƙale. Katifa a yanka ta cif da gadon, in kika iya zura fiye da yatsu biyu tsakaninta da katako to ta yi ƙanƙanta. Kada a yi masa ado da ramuka ko ƙusoshi masu fitowa, fentin kuma ya zama marar gubar dalma, ya bushe sarai warinsa ya fita kafin a haihu. Gadon da aka gada daga wani gida, ki jijjiga shi da ƙarfi ki ji ko yana rawa. In irin tsohon nan ne da gefensa ke zamewa sama da ƙasa, ki sani an hana sayar da irinsa a Amurka tun 2011 saboda yaran da suka maƙale a cikinsa.

Gwajin katifa kuwa sauƙi gare shi. Danna tafin hannunki a tsakiya ki ɗaga. In ta riƙe shatin hannunki, ko hannun ya nutse, ba ta jariri ba ce. Za ki ji a ranki kamar mugunta ce a kwantar da ɗan jariri a kan abu mai tauri haka. Duk uwa tana jin haka. Amma laushin da ke yi wa bayanki daɗi shi ne ke rufe wa jariri hanci. In fuskarsa ta lotsa cikin abu mai laushi, iskar da ya fitar ita zai ci gaba da shaƙa, mai kyau tana raguwa. Babba in haka ta same shi zai farka ya juya ba tare da ya ma sani ba. Wasu jariran kuwa sashen ƙwaƙwalwar da ke tashinsu in iska ta yi ƙaranci bai gama nuna ba, kuma babu yadda za a yi a gane wanne ne ta hanyar kallo. Shi ya sa ake yi wa kowane jariri shimfiɗa kamar shi ne mai raunin.

Wannan ya kawo mu kan kyautar Yaya. Ki karɓa, ki yi godiya, amma sheƙar nan ba ta barci ba ce. Gefen da aka cusa wa auduga shi ne aibinta, jariri na juya kai ya manna hanci a jiki. Kujerar lilon kuma, gaskiya Yaya ta faɗa, yara suna barci a ciki sosai, kuma nan ne haɗarin yake. Kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa. In aka jingina shi a gangare, haɓarsa na faɗowa kan ƙirji, hanyar iska ta lanƙwashe kamar an naɗe tiyo. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye wata irin wannan kujera mai suna Rock 'n Play daga kasuwa, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da 30, kuma daga baya adadin da aka ruwaito ya kai wajen 100. A 2022 Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da makwancin jarirai da gangarensa ya wuce digiri 10, tare da soson nan da ake zagaye cikin gado da shi don kada yaro ya bugu. Har yanzu ana ganin ire-irensu a kasuwannin duniya da shagunan intanet, da hotuna masu kyau. Ki sa shi a lilon idonsa biyu, kina kusa kina kallo. Da ya yi barci ki ɗauke shi ki mayar makwancinsa, ko da zai farka ya yi kuka. Haka ma kujerar mota in kun iso gida.

Kwanciyar kuma rigingine ce, dare da rana, ko barcin minti goma ne. Ba rub da ciki ba, ba kuma ta gefe ba, don na gefe da ɗan motsi kaɗan ya kife. Na san abin da za a ce miki, ni ma an ce mini: in ya yi tumbuɗi a rigingine zai ƙware. Halittar maƙogwaro ta nuna akasin haka. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. In yaro yana rigingine hanyar iska ce a sama, nonon da ya dawo sai ya taru a ƙasa ya koma inda ya fito, ko ya haɗiye ko ya tofar. In yana kife, hanyar abinci ta koma sama, abin da ya fito yana gangarowa bakin hanyar iska. Likitoci da kansu sun shafe shekaru suna cewa a kifa jarirai, sai da bincike ya nuna musu kuskurensu. A Birtaniya an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, shekarar da wata fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin, Anne Diamond, ta rasa ɗanta cikin barci ta kuma tsaya kai da fata a kan lamarin. Amurka ta fara nata a 1994, kuma cikin shekara goma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ba wani magani aka ƙirƙiro ba, juya yara kawai aka yi. In kina gudun ƙeyarsa ta baje, ki riƙa kifa shi a ƙirjinki ko a shimfiɗa yana farke kina tare da shi, kuma ki riƙa sauya ɓangaren da kansa ke kallo.

Yanzu maganar Mama. Kada ki yi musu da ita, kuma kada ki ɗauka ba ta san abin da take faɗa ba. Uwaye a faɗin duniya suna kwana da jariransu tun fil azal, kuma yana sauƙaƙa shayarwa, ita kuma shayarwa da kanta kariya ce, an gano ko ta wata biyu ce tana rage haɗarin da kusan rabi. Masana ma ba bakinsu ɗaya ba. Na Amurka sun ce kada a haɗa gado ko ta halin ƙaƙa. Hukumomin lafiya na Birtaniya kuma sun ga cewa iyaye da yawa za su yi ko an hana su, sai suka zaɓi su koya musu yadda za a rage haɗarin. Amma akwai inda duka suka haɗu, babu sassauci: ba a kwana gado ɗaya da jariri in ɗaya daga cikin iyaye yana shan sigari, ko da a waje yake sha, ko uwar ta sha da ciki, ko an sha giya ko ƙwaya ko maganin da ke sa barci, har da wasu magungunan mura da na ciwo da ake bayarwa bayan tiyata, ko jaririn bakwaini ne, an haife shi kafin mako 37, ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba.

Tsakiyar da Mama ta ce kuwa, ita ce ban yarda da ita ba sam, balle da irin barcin da kika ce maigida yana yi. Uwa mai shayarwa takan kwanta ta naɗe jikinta ta kewaye ɗanta, barcinta sama-sama. Uba ba haka yake ba. Ga filo biyu, ga bargon manya da ake ja sama cikin dare. Ki ce mata, "Mama, kin san barcin ɗanki, tsoro nake kada ya danne shi, shi ya sa na sa gadonsa a jikin nawa." Ita ta haife shi, ta fi ki sanin barcinsa, dariya za ta yi. In kuma kin ga abin zai zama ja-in-ja, ki tafi da ita awo ta ji daga bakin ungozoma, ko ki bar ɗanta ya yi mata bayani.

Duk da haka ina so ki shirya gadonku kamar za ki yi barci da shi a kai, domin wata rana za ki yi, ko kin so ko ba ki so ba. Tunda na hana ki kushin, a gado za ki riƙa shayarwa. Kafin ki ɗauko shi, ture filo da bargo nesa da inda zai kwanta. Ya kasance a gefenki, ke ce tsakaninsa da babansa. Ki duba kada a sami rami tsakanin katifa da bango ko allon gado inda zai iya faɗawa, wannan ya fi faruwa a ƙananan ɗakuna inda ake manna gado da bango. Kada wani yaro ko dabbar gida su hau. In barci ya sace ki, da kin farka ki mayar da shi nasa wurin, a rigingine. Ga kuma aikin maigida, tunda kina tausayin barcinsa: a makonnin farko ya sa ƙararrawar waya, ko ki tashe shi in za ki fara, ya zama shi ne mai mayar da yaro makwanci. Minti biyu ne, ya koma barcinsa.

Ƙaramin ɗaki yana saurin ɗaukar zafi, mutum uku suna numfashi a ciki, zafi fiye da kima kuwa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan mutuwa. Mu uwaye mun fi tsoron sanyi, sai mu yi ta jibga kaya. Kada ki auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa, su kullum da ɗan sanyi suke. Taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, in kin ji gumi ko zafi ki rage. Hula ba ta barci ba ce a cikin ɗaki, ta kai yake fitar da zafin jiki, kuma tana iya zamowa ta rufe fuska. Rigar barci mai kamar buhu, mai wuya da hannu daidai jikinsa, ta fi bargo. In bargo za ki sa, marar nauyi, ƙafafunsa su taɓa ƙarshen gadon don kada ya zame ƙasa, bargon ya tsaya iya ƙirji a soke shi a gefen katifa. In kina naɗe shi da zani, ki daina da zarar ya fara yunƙurin juyawa. Fanka ba laifi, kada dai ta fuskance shi kai tsaye. Kada a kunna wani abu mai hayaƙi a ɗakin. In kuna inda ake sauro, gidan sauron ya zama a ɗame, a soke ƙasansa, ba ya lilo kusa da fuskarsa. Kuma tunda komai a matse yake, ki duba abin da ke kusa da gadonsa: igiyar labule, wayar caja, kayan da aka jibga a saman sif da za su iya faɗowa.

In haihuwa ta zo ba ku gama shiri ba, kada ki ce shi ke nan sai tsakiyar gado. Likitocin Amurkan nan sun ce a halin ƙa-ƙa-ni-ka-yi ana iya amfani da kwali mai ƙwari, ko kwando, ko durowar da aka zaro daga sif aka ajiye a ƙasa, da 'yar shimfiɗa siririya mai tauri, na ɗan lokaci. Kada abin ya ba ki kunya. Ƙasar Finland tun 1938 take ba masu ciki kwali cike da kayan jarirai da 'yar katifa a ƙasansa, daga 1949 kuma kowace uwa ake ba, kuma jarirai da yawa a can cikin kwalin suka yi barcinsu na farko. A ƙasa za a ajiye shi, ba a kan gado ko tebur ba, ba murfi, nesa da inda za a taka ko ruwa zai taɓa.

Na'urorin nan da ake ɗaura wa jariri a ƙafa wai suna auna numfashi, ki bar kuɗinki, babu shaidar suna hana komai, sai dai su sa uwa ta saki jiki ko su hana ta barci da ƙarar banza. Robar tsotso kuwa an ga tana taimakawa, kina iya ba shi lokacin barci bayan shayarwa ta kankama, ba tare da igiya ko maƙali ba, in ya tofar kada ki tilasta. Rigakafinsa kuma kada ya wuce lokaci.

A wannan makon ki ɗauko tef, ki sa maigida ya fitar da madubin, ku ga santimita nawa kuka samu a gefenki. In kun sami rabin mita da ɗan wurin da ƙafarki za ta sauka, ya isa. Allah ya sauke ki lafiya, ki rubuto mini in ji abin da aka samu.